Filin Tambaya da Amsa: Haɗa ruwan gishiri na kifin teku a gida

Tun da muka taɓo maganar kiwon kifin teku a tankin gilas saƙonni suke ta shigowa, kuma abin da ya ban mamaki kusan ba wanda ya tambayi kifin kansa, duk a kan ruwa ne. Toh ai gara haka, don mai kiwon kifin teku in ka duba da kyau rabin aikinsa kiwon ruwa ne. Ga waɗanda na samu na amsa a wannan karon, na ɗan taƙaita wasu tambayoyin saboda tsayinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni na kai shekara uku ina kiwon kifin ruwan daɗi a tankin gilas ban taɓa samun wata matsala ba, yanzu kuma sha'awar na teku ta kama ni saboda kalolinsu. Na ga wai sai an sayi wani gishiri na musamman, na ce to me zai hana in zuba gishirin girki kawai tunda gishiri dai gishiri ne, kuma ai shi ma daga teku ake samo shi ko?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka fara, kifin ba zai kai ko'ina ba. Gaskiya ne akwai gishirin girkin da daga teku ake samo shi, amma wajen busar da shi da wanke shi an raba shi da sauran abokan zamansa, abin da ya iso hannunka kusan sinadari ɗaya ne tal, wato sodiyam da kulorayid, sannan an ƙara masa aidin da wani garin da ke hana shi dunƙulewa. Shi kuwa ruwan teku taron dangi ne. A kowane kilo ɗaya na ruwan teku akwai wajen giram 35 na gishiri, a cikin wannan 35 ɗin kulorayid ya ɗauki giram 19 da 'yan kai, sodiyam ya kusa 11, kaga su biyun sun cinye kusan kashi 85 cikin ɗari. Ragowar nan da ka raina ita ce maganar: salfet giram 2.7, magnesiyam wajen 1.3, kalsiyam da fotasiyam kowanne wajen 0.4, sai baikabonet wanda shi ne yake riƙe da ruwan kar ya yi tsami, yana tsayar da ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH a kusa da 8.1 zuwa 8.3, sai kuma 'yan ƙanana irin su sitironshiyam da boron. Murjani, wato halittar nan mai rai ta teku mai kama da dutse, da kalsiyam da kabonet yake gina ƙashinsa, dodon koɗi da su yake gina ƙoƙon bayansa, kifi kuma jikinsa yana buƙatar fotasiyam ɗin da sauran daidai yadda ya saba samu. Ka ba su sodiyam da kulorayid zalla kamar ka gina ɗaki ne da yashi ba siminti.

Abin da ya sa ma har ake iya kwaikwayon teku a cikin bokiti, wani masanin sinadarai ne a Sikotland mai suna William Dittmar, ya auna kwalabe 77 na ruwan teku da jirgin binciken nan Challenger ya ɗebo daga sassan duniya a tafiyarsa ta 1872 zuwa 1876, a 1884 ya fitar da sakamako cewa ko da wani tekun ya fi wani ɗaci, yadda manyan sinadaran suke a junansu bai canzawa. Bahar Maliya tana kai wajen 40 cikin dubu, tekun Baltik a wurare da yawa bai kai ko 10 ba, amma rabon gadon iri ɗaya ne, yawan ruwan da aka surka ne ya bambanta. Tun kafin shi ma, a 1854 wani Bature a Ingila, Philip Henry Gosse, ya fitar da nasa haɗin na ruwan teku don masu tanki da ke nesa da gaɓa. Kuma ka san wahalar da aka sha kafin gishirin buhu ya yawaita? Babban gidan kifin nan na Shedd da ke Chikago a Amurka, da aka buɗe shi a 1930 a tankokin jirgin ƙasa aka jawo masa ruwan teku tun daga Key West a Fulorida. Yanzu kuwa gidan kifin Jojiya da ke Atlanta, wanda aka buɗe a 2005, ba ya kusa da teku sam amma da ruwan haɗi yake riƙe da kifaye mafi girma a duniya. Toh in ya ishe su kai ma zai ishe ka.

Ka nemi gishirin da aka rubuta na tankin kifin teku ne, akwai Instant Ocean, akwai Red Sea, akwai Tropic Marin da wasunsu, ni ba na cikin masu rigimar wanne ya fi, in kifi zalla za ka ajiye kowanne ya yi maka, in da murjani mai ƙashi ne sai ka ɗauki wanda aka ƙara wa kalsiyam. Sai dai ka lura, akwai wani da ake sayarwa da sunan gishirin akwariyam wanda na jinyar kifin ruwan daɗi ne, shi ma sodiyam da kulorayid ne kawai, mutane da yawa sun faɗa wannan ramin saboda hoton kifin da ke jikin kwalin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na sayi gishirin mai kyau na haɗa da ruwan famfo, na bar shi ya kwana kamar yadda nake yi wa kifin ruwan daɗi, amma sati biyu ke nan yashin da gilas ɗin duk sun rufe da wani abu ruwan ƙasa kamar ƙura, in na goge da safe kafin dare ya dawo. Ko gishirin ne jabu? Maigidana ya ce in gwada ruwan sama ko wanda ke ɗiga daga AC.

AMSA: 'Yar'uwa gishirinki lafiyarsa ƙalau. Wannan ƙurar da kike gani wata irin gansakuka ce ƙanana da ake kira dayatom, suna gina jikinsu da silika, kuma kusan kowane sabon tanki sai ya yi su na ɗan lokaci su wuce da kansu. Inda matsalar take shi ne in kullum kina kawo musu abinci a bokiti, don ruwan famfo yakan zo da silika da fosfet da naitiret, abubuwan da mutum zai sha ya kwana lafiya amma a tankin teku taki ne. Kin ga kamfanin gishirin ya riga ya auna komai a kan cewa ruwan da za ki zuba ba komai a cikinsa, duk abin da ruwanki ya zo da shi ƙari ne a kan lissafinsu, kuma ƙarin ba ya fita, kullum taruwa yake.

Barin ruwa ya kwana kuma kulorin kawai yake kora. Wasu hukumomin ruwa kuloramin suke sakawa, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, shi ko ya kwana uku yana nan daram sai an sa maganinsa ko an bi da shi ta gawayin tacewa. Ga kuma jan ƙarfe da ke bin ruwa daga bututu, wanda ɗan kaɗan ɗinsa yana gamawa da jatan lande da dodon koɗi da murjani tas.

Abin da masu abin suke amfani da shi shi ne matatar RO, wadda ke da hawa huɗu galibi: na farko ya tare laka, na biyu gawayi ya tsotse kulorin, na uku wata fata ce siririya da ake matsa ruwa ta ciki da ƙarfi, na huɗu wasu 'yan ƙwayoyi kamar tsakuwa su kama ɗan abin da ya tsallake. Sai ki samu ɗan ma'aunin nan na TDS mai kama da biro, wanda ke auna yawan abin da ya narke a cikin ruwa, ki tsoma, in ya nuna 0 shikenan, in ya fara nuna 2 ko 3 to 'yan ƙwayoyin sun gaji sai a canza. Ki sani dai tana zubar da ruwa, kowace lita ɗaya mai kyau ana iya rasa uku ko huɗu, ki tara shi don wanki ko shuka kar ya tafi a banza. In tankin ƙarami ne ma ba sai kin sayi matata ba, ruwan da aka tace ta tururi na jarka ya wadatar.

Shawarar maigida kuwa, a ba shi haƙuri. Ruwan AC ta jikin bututun jan ƙarfe da alminiyam mai ƙura yake gangarowa, ruwan sama kuma ya wanko rufi da kashin tsuntsaye da tsatsa kafin ya iso gare ki. Ba zan ce ba wanda ya taɓa yi ya tsira ba, amma ni ba zan sa kifina a caca ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni dai tambayata gajeriya ce, gishiri nawa ake zubawa a lita nawa? Kuma me ya sa duk lokacin da na haɗa sai ruwan ya yi fari fat kamar an jiƙa alli, washegari in ga farin abu ya kwanta a gindin bokitin ya ƙi narkewa? Yadda nake yi ina auna gishirin a bokiti sai in kwarara masa ruwan ɗumi don ya yi saurin narkewa.

AMSA: Aiko ka ba da amsar da bakinka. Abu biyu ka yi kuma duk su ne ke jawo farin, ka zuba ruwa a kan gishiri, sannan ruwan mai ɗumi. Allin da ka ambata ba kama ba ce kawai, alli ne na gaske. Lokacin da ruwa kaɗan ya fara sauka a kan tulin gishiri, kalsiyam da kabonet sun haɗu a ɗan wuri ƙanƙani da yawan da ya fi ƙarfin ruwan, sai su manne da juna su zama alli su faɗo ƙasa, kuma in sun faɗo ba sa komawa ko ka kwana kana juyawa. Ɗumi kuma ƙara zuga su yake, don shi alli saɓanin yawancin abubuwa ne, ya fi narkewa a ruwan sanyi. Wato ma'aunin gishirinka zai iya nuna maka daidai amma abincin murjanin yana kwance a gindin bokiti za ka zubar.

Ni ma haka na fara fa, ba wai na fi ka ba ne, farkon haɗina na zaci an sayar mini da lalataccen kaya har na kwashi rabin buhu na zubar, sai daga baya na gane hannuna ne.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina da duro na roba wanda ba ya wani aiki sai wannan, bai taɓa ganin sabulu ko man fetur ko fenti ba, irin wanda aka yi don ajiye abin sha. In cika shi da tataccen ruwa tukuna, ruwan a yadda yake ba ɗumi, in jefa ƙaramin injin juya ruwa a ƙasa in kunna har in ga saman ruwan yana murɗawa. Sai in ɗauko gishirin da na auna a sikeli, ba da kofi ba don kofi ƙarya yake yi, yau ka danna gobe ba ka danna ba, in dinga barbaɗa shi a hankali inda ruwan ya fi gudu, za ka ga ya yi kamar hayaƙi yana bin ruwan yana ɓacewa kafin ya kai ƙasa, in jira ya washe in sake barbaɗawa. In ka taɓa jikin duron za ka iya jin ya ɗan yi ɗumi, ba komai, wasu sinadaran ne ke fitar da zafi in suna narkewa. Sai komai ya narke tas har kana hango gindin duron sannan hita ta shiga, in saita ta a 25, don tankin teku na kifin ƙasashe masu zafi tsakanin 24 da 26 ake riƙe shi.

Yawan gishirin kuma, lissafin takarda zai ce maka 35 a lita, amma in ka zuba 35 ba za ka kai ba, saboda shi garin gishirin akwai danshi a ɗaure a jikin sinadaransa wanda ke cikin nauyin. Galibi tsakanin giram 36 ne zuwa 40 a kowace lita, ya danganta da kamfani, ka duba jikin buhun. In lita 20 za ka haɗa ka fara da giram 700, ya narke ka auna, sannan ka dinga ƙarawa kaɗan-kaɗan har ma'aunin gishiri ya nuna 35 cikin dubu, ko 1.026 a ɗaya layin nasa mai nuna nauyin ruwan idan aka kwatanta da ruwa zalla. In kifi zalla ne ba murjani ba jatan lande, daga 1.021 zuwa 1.025 ma ana zama lafiya. Ranar da ka dace ka rubuta adadin giram ɗin da alƙalamin maka a jikin murfin duron, ka huta da lalube.

Sai nawa zai jira kafin a zuba? Nan akwai saɓani, wasu kamfanonin sun ce awa biyu zuwa huɗu ya isa har ma suna gargaɗi kar a wuce, tsofaffin hannu kuma sun ce sai ya kwana. Ni dai ina haɗawa da yamma in zuba da safe, don iska ta shige shi pH ya zauna zafinsa ya zo daidai da na tanki. Abin da ba saɓani a kansa shi ne ba a taɓa zuba garin gishiri kai tsaye a tankin da ke da rai a ciki, ƙwaya ɗaya ta sauka a kan murjani sai ta ƙone shi. Wannan sau ɗaya ake yi, ranar farko da tanki yake fanko.

TAMBAYA: Malam ina cikin damuwa. Tankina lita 100 ne, wata biyu komai lafiya, kullum in ruwa ya ragu sai in cika shi da ruwan gishirin da na haɗa na ajiye. Satin nan jatan landena guda biyu sun mutu, kifayen kuma suna ta haki suna ɓuya. Ban canza abinci ba ban ƙara kifi ba.

AMSA: Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa. Tun kan ka gama na san inda gizo yake saƙa. Je ka auna ruwan yanzu, na tabbata ya yi sama sosai. Ruwan da yake raguwa a tanki tururi ya zama ya tashi, kuma tururi ba ya tafiya da gishiri, gishirin yana nan inda ka bar shi. Lita 100 mai 35, in lita 5 ta tashi ya zama kusan 37 ke nan, in ka cika da tataccen ruwa ya dawo 35, in ka cika da na gishiri kuwa ka kafe shi a sama, sati mai zuwa a sake hawa daga nan, wata biyu kana wannan ai ka wuce Bahar Maliya. Dokar a sauƙaƙe: wanda ya tashi da kansa a mayar da ruwa zalla marar gishiri, wanda ka ɗebe da hannunka wajen canjin ruwa shi ake mayarwa da na gishiri. Ka sa ɗan tef a jikin gilas daidai bakin ruwa, kullum ka cika zuwa nan, kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a sati.

Dalilin da ya sa jatan landen suka riga tafiya, shi kifi yana da dabara. Gishirin jininsa wajen kashi ɗaya cikin uku ne na teku, don haka kullum teku tana zuƙe masa ruwan jiki, shi kuma yana ramawa da shan ruwan tekun yana fitar da gishirin ta mashaƙarsa ta gefen kai, fitsarinsa ɗan kaɗan. Ruwa ya ƙara ɗaci aikin ya ƙaru masa, shi ne hakin da kake gani, amma yana iya jurewa na ɗan lokaci. Su jatan lande da tauraron teku da murjani ruwan jikinsu bin na waje yake kusan sak, duk yadda tanki ya yi haka cikinsu zai yi.

Kar kuma ka ce za ka gyara yau-yau. Ka ɗebi lita biyu ko uku ka mayar da tataccen ruwa mai zafi daidai da na tankin, ka bari awanni su wuce ka auna, ka sake, ka raba abin a kwana uku ko huɗu. Saukowa ta fi hawa sauƙi a jikin kifi, amma ko ita in aka yi da gaggawa sauran masu ran da suka rage za su bi 'yan'uwansu. In wata rana hawa za ka yi, kar ka wuce ƙarin 0.001 zuwa 0.002 a rana a layin nan na 1.026, kuma hanya mafi sauƙi ita ce wannan kuskuren naka dai, ka dinga cikawa da ruwan gishiri da gangan kana aunawa har ka kai.

TAMBAYA: Ina da ma'auni biyu, na roba mai allura yana ce min 1.028, na leƙawa kuma yana ce min 1.024, a ruwa ɗaya. Wa zan bi?

AMSA: Kar ka bi kowa tukuna. Na robar nan, haidiromita, in 'yan kumfa suka manne a jikin allurar sai su ɗaga ta sama ta nuna maka gishiri ya fi yadda yake, kai kuma ka hau surkawa. Ka cika shi a hankali a karkace, ka ɗan ƙwanƙwasa da yatsa kumfar ta saki, ka ajiye a wuri mai daidai, in ka gama ka ɗauraye da ruwa zalla don gishirin da ya bushe a jikin allurar ma yana ɓata lissafi. Na leƙawar, rifraktomita, ya fi shi aminci nesa amma shi ma sai an saita shi, kuma nan mutane suke shan kashi. Takardar cikinsa takan ce ka ɗiga tataccen ruwa ka murɗa ya zo 0, alhali da yawansu don auna ruwan gishirin girki aka ƙera su ba don teku ba, in ka saita a 0 zai iya nuna maka 35 gaskiyar kuwa wajen 33 da rabi ce. Ka sayi 'yar kwalbar ruwan saitawa mai 35, ka ɗiga biyu ko uku, ka rufe murfin ba kumfa, ka jira kamar daƙiƙa 30 zafin ya daidaita, ka leƙa ta wajen haske ka murɗa ɗan sukurun har iyakar shuɗi da fari ta zauna a kan 35. Daga nan shi ne alƙali. Sau ɗaya a wata ka sake dubawa, haka in ya faɗi ƙasa.

Kuma in faɗa maka gaskiya, tankin da yake 1.024 kullum ba motsi ya fi wanda yau 1.026 gobe 1.023 lafiya, bin lamba ɗaya da ake yi kamar farilla ya kashe kifi fiye da lambar kanta.

TAMBAYA: Hajiya ce ke tambaya ta bakin ɗanta, wai gishirinta ya sha iska ya dunƙule kamar dutse, a daka a yi amfani da shi ko a zubar?

AMSA: A gaishe da Hajiya. In 'yan dunƙule ne da ke marmashewa da yatsa ba komai. In ya zama dutse sai an sa guduma to danshi ya riga ya haɗa kalsiyam da kabonet a cikin buhun, allin nan dai da muka yi magana. A fasa kaɗan a haɗa lita biyar a gwada da kayan gwaji, kalsiyam ya kamata ya kai wajen 400 zuwa 450, ƙarfin hana ruwa yin tsami kuma daga 7 zuwa 11 a ma'auninsa da ake kira dKH, in sun faɗi ƙasa kar a ba murjani. Nan gaba a ɗaure bakin ledar tam a rufe bokitin, kar a sa hannu ko kofi mai jiƙa, sabon bokiti kuma a mirgina shi a ƙasa kafin a buɗe don wajen jigila masu laushin sukan gangara ƙasa su bar masu kauri a sama.

TAMBAYA: Malam ni kusa da teku nake, ba sai in ɗebo kawai ba? Kuma in na haɗa da yawa zan iya ajiyewa har wata guda? Kuma nawa ake canzawa?

AMSA: Tambaya uku a kuɗin ɗaya. Ruwan teku na gaske ba abin da ya fi shi in mai tsabta ne, matsalar ita ce na bakin gaɓa shi ne mafi datti, nan magudanan gari suke ƙarewa, nan man jiragen ruwa yake yawo, in kusa da bakin kogi ne ko bayan ruwan sama ma gishirin ya surke. In kana da hanyar shiga ciki da kwalekwale nesa da tashar jirage, ka ɗebo lokacin da ruwa ke cikowa, ka tace, ka auna, ka yi amfani da shi a ranar, don 'yan ƙananan halittun ciki in suka mutu a jarka wari zai gaya maka. Ka kuma san kana iya shigo da cutar kifi da hannunka. Yawancin waɗanda na sani da suka fara ɗebowa ɗaukar jarka ce ta mayar da su kan buhu.

Ajiya kuwa ruwan haɗi yana kai makonni in duron a rufe yake ruf a inuwa, ba hita a ciki, ranar da za ka yi amfani ka kunna injin juyawa da hita na 'yan awanni ka sake aunawa. Ni na fi son in ajiye tataccen ruwa zalla in haɗa gishiri daidai buƙata, tunda shi ne kuma na ciko. Canji, kashi 10 cikin ɗari a sati ko kashi 20 duk sati biyu ya isa tankin da ba a cika masa kifi ba, amma ka lissafa da ruwan da ke ciki da gaske, tankin da aka rubuta lita 200 in duwatsu da yashi sun shiga da wuya ya wuce 160 ko 170. Kuma kafin ka fara janye ruwa daga tanki ko duro ka zare hita daga soket ka ba ta minti goma ta huce, ta gilas in ta fito iska da zafinta fashewa take, na yi asarar guda biyu a haka kafin na ɗaura jan zare a jikin bututun janyewar don ya dinga tuna min.